Kukan Motar Alhaji Baƙo

A Gaya, a shekarun ƙarshe na mulkin Faransawa, kafin a gina gada a kan gulbin Kwara, duk motar da za ta Dahomai sai ta gangara bakin ruwa ta jira jirgin fito. Da kaka kamiyon gyaɗa, manyan motocin kaya, kan jeru tun daga gangare har kusa da kasuwa, shofarori, wato direbobi, na kwance a inuwarsu suna shan rake. A gefen wannan hanya, gindin wata ɗorawa, akwai rumfar da aka rufa da ganyen giginya. Nan Cha'ibu yake gyaran mota.

Bagobiri ne, zanen gidansu na nan shimfiɗe a kumatunsa. Ubansa maƙeri ne, ya zo da su Gaya tun Cha'ibu bai yi wayo ba. Ya fara da zuga wuta a maƙera, da ya tasa ya koma jirgin fito, yana shafa wa moter, wato inji, mai a hannun wani mutumin Dahomai marar yawan magana. Shekarun da ya yi a ramin jirgin, cikin rugugin ƙarfe, su suka cinye masa kunnen hagu, na dama ma sai an ɗaga murya. Baƙi kan yi mamaki da aka ce wannan mai rabin kunnen shi ake kai wa mota idan ta yi kukan da ba a gane ba. Amma Cha'ibu ba da kunne yake sauraro ba. Yana da wata ƴar sanda ta icen ƙirya, ta yi baƙi wuluk saboda mai da daɗewa. Sai ya ciji kai ɗaya da haƙoran ciki, ya ɗora ɗaya kan a jikin ƙarfe, ya lumshe ido. Ya ce sautin kan biyo icen ya hau ƙashin kai, kuma can ciki kowane ƙarfe da muryarsa, akwai mai tari, akwai mai nishi, akwai wanda ke waƙarsa lafiya lau ba ruwansa da kowa.

Mutum ne mai son ya san dalili. In ya gyara abu bai gane abin da ya ɓata shi ba, tuwo ba ya yi masa daɗi ranar.

A lokacin akwai wani attajirin goro, Alhaji Baƙo, tsohon falke wanda ya yi ƙuruciyarsa a bayan jakuna tsakanin Gaya da ƙasashen kurmi. Da tsufa ya zo ya sayar da dawakinsa ya sayi wata ƙaramar kamiyonet koriya a hannun wani Bature mai barin Doso. Ya ɗauki shofer, wani saurayi Bazabarme daga Tanda mai suna Alassan, wanda ya je har Yamai ya samo permi, takardar izinin tuƙi. Alassan da matarsa Bibata suna zaune a wani ɗaki a gidan Alhaji, kuma duk Tanda an san ɗansu yana tuƙa mota. In ya wuce ta garin, tsofaffi kan ɗaga masa hannu daga cikin fadamar shinkafa.

Wata safiya motar ta fara kuka. Ba ƙwanƙwasa ba ne, ba gurnani ba. Wata siririyar tsuwa ce, kamar ƴan tsaki sun ɓace wa uwarsu, can kuma sai ta ja ta yi tsawo kamar an goga izgar goge ba ƙaro. Alassan ya kawo ta gindin ɗorawa fuskarsa ba walwala.

Tsakanin Bagobiri da Bazabarme akwai wasa tun kakanni, don haka Cha'ibu bai ko tashi daga kan tayar da yake zaune ba.

"Wa ya ba bawana mota? Ai ga ta nan tana kuka, ta ji warin kopto."

Kopto shi ne kwaɗon ganyen da Zabarmawa ba sa gajiya da ci. Alassan ya ce in da warin abinci na sa ƙarfe kuka, da kamiyon da ke bi ta Gobir duk sun mutu a hanya. Ya ce kuma ya yi sauri, kurma, Alhaji na jira.

Cha'ibu ya ɗaga kapo, murfin gaban motar, ya ciji sandarsa. Ya bi bujin da ke ba moter wuta ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsu lau. Ya saurari cikin moter, ba abin da ke bugawa. Sai ya sa aka kashe, ya cire igiyar da ke juya fanka, aka sake tayarwa. Shiru. Ashe kukan yana cikin abin da igiyar ke juyawa. Ya mayar da ita, ya ɗora sanda a kan pompon da ke zagaya da ruwan sanyaya moter, sai tsuwar ta hau masa haƙora har ya yamutsa fuska. Giris ɗin da ke sa sandar pompon ta juya da santsi ya ƙare. Ya ɗura sabo, kuka ya ɗauke, Alassan ya tafi yana murmushi.

Motar ta je Doso ta dawo. Kwana kaɗan, ga ta gindin ɗorawa da ƴan tsakinta. Aka ɗura giris, ta yi shiru. Ta haye Malanbil, tsallaken gulbi, ta dawo, kukan ya dawo, har ya fi na da kauri. Abin ya zama labari a bakin ruwa. Masu fito suka ce ta taka wani abu ne a hanyar Doso. Wata mai tuyar ƙosai ta ce kewar Baturenta take yi.

Alhaji Baƙo kuwa lissafinsa gajere ne. Mota tana gida shiru take, in ta yi tafiya ta dawo sai kuka, kuma mutum ɗaya ne ke riƙe da ita a tafiya. Ya ce ya san irin yaran nan, in sun ɓace wa idon mai abu sai su mai da hanya filin sukuwa. Ya kira Alassan a zaure gaban mutane ya faɗa masa cewa daga nan zuwa ranar kasuwa, in ba a gano wani dalili ba, ya ajiye makulli ya kwashe kayansa.

Alassan ya zo rumfa ranar ba wasa a bakinsa. Ya zauna kan wani tsohon tanki ya yi ta murza hularsa. A Gaya attajiran da ke da mota ba su da yawa, kuma duk a tabarma ɗaya suke hira. Shofer ɗin da aka ce ya kashe motar ubangidansa ba wanda zai sake miƙa masa makulli. Abin da ya rage shi ne ya ɗauki Bibata da cikinta su koma Tanda, ya shiga fadama da permi a aljihu. Ya rantse bai taɓa wuce gudun da ya kamata ba.

Cha'ibu ya yarda da shi, amma ba rantsuwar ce ta dame shi ba. Tambaya ɗaya ce ke yi masa yawo: ina giris ɗin yake zuwa? Gudu ba ya shanye giris haka. Ya ga kamiyon da ake kora ba tausayi daga Maraɗi har nan, pomponsu na shekara bai yi ƙishi ba.

Ya kwance pompon ya fito da shi rana. A bakinsa akwai wani farin ɓawo kamar busasshen gumi a rigar manomi. A ciki kuma ɗan giris ɗin da ya saura ya sake kama, ya yi fari, ya yi yauƙi. Ya murza shi tsakanin yatsu, ya ɗiga ruwa, sai ga ƴar kumfa. Ya daɗe yana kallon kumfar nan. Sannan ya buɗe murfin radiyater, tankin ruwan motar, ya tsoma yatsa, ya kai baki. Ya tofar, ya sake tsomawa, ya sake lasa, yana kallon sama kamar mai ɗanɗana miyar amarya.

"Kanwa," in ji shi.

Ya tambayi Alassan ko ya taɓa ɗibar ruwan rijiya a wajen Bana ko Bengu, inda ƙasa ke fitar da gishiri. Alassan ya ce ko kusa, tun ranar farko an gargaɗe shi, da ruwan gulbi yake cika tulu ya tafi da shi. Cha'ibu ya ce to, gulbi dai ba ya ɗanɗanon kunun kanwa, shi ya sha shi tun yana yaro.

Washegari akwai tafiya Kamba, a kai goro. Cha'ibu ya zubar da ruwan motar duka, ya cika ta da na gulbi da hannunsa, ya rufe rumfa, ya hau gaba kusa da Alassan. Hanyar ta bi ta cikin giginyu, dogaye, tsaye kamar mutanen da suka zo rakiya suka ƙi komawa. Alassan na tuƙi a natse, yana kauce wa rami tun daga nesa. A Kamba, da moter ya huce, Cha'ibu ya tsoma yatsa ya lasa. Ruwan gulbi ne. Suka juyo. A ƙofar gidan Alhaji, da la'asar sakaliya, ya sa rigarsa ya kama murfin ya buɗe a hankali, ya jira tururin ya wuce, ya sake lasa. Ruwan gulbi ne har yanzu. Ya ce da Alassan ashe ba a hanya take shan abin ba, a gida ne. Ya ce yau shi baƙon Bibata ne, a dama masa fura, zai zauna ya ga yadda mota ke kwana.

A tsohuwar barga ake ajiye ta. Turakun dawaki na nan a kafe, har da kwamin ruwa. Mai kula da wurin wani dattijo ne, Ɗan'auta, mutumin Bengu, siriri, mai farin gemu kamar audugar da aka saɓe. Tun zamanin mahaifin Alhaji shi ke kiwon dawakin gidan. Da aka sayar da su bai da wurin zuwa, kuma ba wanda ya yi tunanin ya tafi.

Cha'ibu ya zauna kan turmi da kwanon furarsa yana kallo. Dattijon ya fito da tsumma ya share ƙurar jikin motar tun daga goshi har baya, yana magana ƙasa-ƙasa. Ya duba ƙafafunta ɗaya-ɗaya, ya cire wata ƙaya da ta maƙale a taya. Ya ɗora tafin hannu a kan kapo ya ji zafin ya sauka. Sannan ya shiga ɗakinsa ya fito da ƙwarya, a ciki ruwa ne ja-ja da aka jiƙa tun safe. Ya tace shi da ƙyalle mai tsabta. Ya sunkuya ya buɗe ɗan famfon da ke ƙarƙashin radiyater, kamar yadda ya ga Alassan na yi, ya bar ruwa ya ragu, ya rufe. Ya buɗe murfin sama, ya yi bisimilla, ya ɗura.

Alassan, da ke zaune gefen Cha'ibu, ya miƙe tsaye. Cha'ibu ya kama masa gefen riga ya zaunar da shi, ya matsa kusa da dattijon ya gaishe shi da aiki.

"Baba, mi kake ba ta?"

"Jar kanwa, ɗana. Mai kyau ce, ba irin ta kasuwar ƙauye ba."

Ya yi bayani a natse, irin na wanda ya san aikinsa. Dabba in ta yi doguwar tafiya sai an ba ta kanwa, ita ke wanke ciki ta sauke gajiya ta buɗe cin abinci. Haka ya yi wa kowane doki da ya ratsa bargar nan, ba wanda ya taɓa kumburi a hannunsa. Ranar da aka kawo wagga, Alhaji ya ce masa ya riƙe ta kamar yadda ya riƙe Akawal, baƙin dokin gidan. Ya duba ya ga ba ta cin ciyawa, ba ta cin dawa, amma tana shan ruwa. To ta nan ne kawai zai iya taimakonta.

Cha'ibu ya tambaye shi ko ya ji kukan da take yi.

"Na ji mana. Shi ya sa na ƙara mata. Na ce ko ba ta isarta."

Alassan ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa, ba a san ko dariya yake ko wani abu ba. Da ya sauke hannun sai ya ja Cha'ibu gefe ya ce masa a kunnen dama, don Allah a bi a hankali, tsohon nan shi ke tsinko wa Bibata magani, ba ya son a tozarta shi saboda shi.

Ba a ma kai ga shawara ba, Alhaji Baƙo ya shigo daga masallaci da carbi a hannu. Ɗan'auta da kansa ya faɗa masa, ba tare da jin ya yi laifi ba, cewa ga Bagobiri yana tambayar kanwar mota. Cha'ibu ya ce, ranka ya daɗe, kanwa in ta haɗu da mai, sabulu take zama, kowace mace a gidan nan ta sani. Abin da ke faruwa ke nan a cikin pompon. Ana ɗura giris, kanwa na mai da shi sabulu, ruwa na wanke shi, ƙarfe na cin ƙarfe a bushe.

Alhaji ya ja carbinsa. Can ya ce kanwar ma shi ya aiko da ita, shi ya zaɓe ta da hannunsa wajen Buzaye. Da Ɗan'auta ya nema bai ga abin tambaya ba, barga ai ba ta rabuwa da kanwa. Amma ya ce shi bai gamsu ba tukuna. Shekara nawa yana fatauci, bai taɓa ganin abin da kanwa ta cuta ba. A gyara ta, a hana ta kanwa, yaron ya kai ta Malanbil ya dawo. In ta kwana ta tashi shiru, to. In ta yi kuka, maganarsa ta zaure na nan.

Gyaran ya ci wuni biyu. Sandar pompon ta yi zane-zane, Cha'ibu ya goge ta da yashin gulbi mai laushi a kan fata har ta yi sheƙi. Zoben tagullar da take juyawa a ciki ya cinye, Cha'ibu ya koma maƙerar gidansu, inda ƙanensa ke aiki, suka narka wata tsohuwar munduwa suka zuba sabo, ya yi ta gyara shi da magagari yana gwadawa. Ya murɗa zaren auduga ya jiƙa shi da giris ya cusa inda ruwa ke tsiyaya. Sauran farin ɓawon da ya toshe hanyoyin radiyater kuwa, Bibata ce ta ba da maganinsa. Tana tsaye tana kallo ta ce, su in kanwa ta yi yawa a girki tsamiya suke sawa ta kashe ta. Cha'ibu ya juyo ya dube ta da kyau, ya ce a jiƙo masa tsamiya cikin babban tulu. Aka tace, aka ɗura, aka bar moter ya yi zafi. Da aka buɗe ƙasa sai ga ruwa na fita fari-fari da gutsattsari kamar dusa. Suka gangara da motar bakin gulbi suka yi ta ɗauraya har ruwan ya fito garau, masu wanki na tambaya ko yau kuma kunun tsamiya aka koma ba ta.

Ɗan'auta kuwa bai fasa aikinsa ba duk kwanakin nan. Yana share ta kamar kullum, amma in ya zo wajen murfin sai ya tsaya, ya wuce.

Alassan ya haye da ita Malanbil ya dawo da yamma. Dattijon ya tarbe ta da tsumma, ya kai ƙwaryarsa ɗaki ya kife.

Da safe, rana ta ɗan ɗaga, mutanen gidan suka taru a barga, har da maƙwabta da suka ce wucewa suke yi. Alhaji ya sa aka kawo masa kujera. Alassan ya zura ƙarfen tayarwa a hancin motar, ya tofa yawu a tafi, ya juya. Moter ya kama, ya yi ɗan tari, ya daidaita. Aka kasa kunne. Ba ƴan tsaki, ba goge, sai wani gunji mai taushi kamar na kyanwa a cinyar mai ita. Aka bar shi ya yi ta yi har kaji suka gaji da tsoro suka dawo tsince-tsince a ƙarƙashinta.

Alhaji ya ce a kashe. Alassan ya kashe, ya zaro makullin, ya zo ya durƙusa ya miƙa masa da hannu biyu, don tun maganar zaure haka yake yi kowace safiya.

Alhaji bai karɓa ba. Ya dubi makullin, ya dubi gefe.

"Mi zan yi da shi, ni na iya tuƙi? Sa aljihunka. Jibi Doso."

Ya tashi ya saɓa babbar rigarsa a kafaɗa. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce a gaya wa Bibata, ɗakin da ke kusa da rijiya ya fi nasu faɗi, su koma can kafin ta sauka.

Cha'ibu na tattara kayan aikinsa dattijon ya matso, ya ɗaga murya don kurman ya ji.

"Ta yi shiru, ban musa ba. Amma ka dube ta da kyau, ɗana. Ni dai na ga ta rame."

Cha'ibu ya ja da baya ya dubi motar tun daga gaba har baya, da gaske, kamar mai tayin saniya. Ya ce zai riƙa leƙowa yana dubawa. Alassan kuwa ya riga ya nufi cikin gida da sauri, yana kiran sunan matarsa tun daga soro.